Kama da Wane Ba Ta Wane: Dalilin da Ya Sa Naman Tsirrai Bai Karɓu Ba

Duk wanda ya leƙa manyan kantunan Faransa, Beljiyam ko Amurka zai tarar da wani sashe na musamman kusa da inda ake ajiye nama. A nan ake jera wasu kwalaye masu hoton tsoka jawur, ko sosis, ko yankan kaza, alhali babu dabbar da aka yanka kafin a cika su. Da waken suya, alkama, man kwakwa da wasu sinadarai ake haɗa su. Ɗalibanmu da ƴan kasuwarmu da ke zaune a waɗannan ƙasashe sun san su sarai, domin a garin da babu mahauci Musulmi, mutum kan yi tunanin ko su ne mafita. An zuba dukiya mai yawa a wannan sana'a, an yi shelar cewa kwanan mahauta ya kusa ƙarewa. Sai dai bayan ƴan shekaru masu saye suka juya baya, kuma ƙorafinsu kusan ɗaya ne a ko'ina: sun ɗanɗana, bai yi musu daɗi ba.

Wannan labari ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko ita ce tambayar halal ga ƴaƴanmu da ke ƙasashen waje. Ta biyu kuwa ita ce tukunyar gida, inda tsadar nama ta sa uwargida neman abin da zai tsaya a madadinsa ba tare da yara sun ture kwano ba.

Mafarin al'amarin

Neman abin da zai maye gurbin nama tsohon abu ne. Mutanen Sin sun shafe fiye da shekara dubu suna daskarar da madarar waken suya su yi abin da suke kira tofu. A gidajen ibadar mabiya addinin Buda, waɗanda ba sa cin abin yanka, an daɗe ana wanke ƙullin alkama da ruwa har garin ya fita, ya bar wani abu mai danƙo da ake dafawa kamar tsoka. A Japan aka raɗa masa suna seitan a 1961. Duk da kamannin lafazi, sunan ba shi da wata alaƙa da Shaiɗan, don haka kada wanda ya gan shi a jikin kwali ya firgita.

A Amurka, wani likita mai suna John Harvey Kellogg, wanda ke tafiyar da gidan jinya a garin Battle Creek na jihar Mishigan, ya fara sayar da haɗin gyaɗa da danƙon alkama a ƙarshen ƙarni na 19, yana kiran sa naman tsirrai. A 1944 wani ɗan Ingila, Donald Watson, ya ƙirƙiro kalmar vegan domin bambanta masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, har madara da ƙwai da zuma, daga waɗanda suka bar nama kaɗai. A shekarun 1960 kamfanin Archer Daniels Midland ya fito da busassun curarrakin waken suya da aka tatse wa mai, waɗanda ake jiƙawa a cakuɗa da niƙaƙƙen nama domin ya yi auki. A 1985 kuma aka fara sayar da Quorn a Ingila, wanda ake samu daga wata irin funfuna da ake renonta cikin manyan tankuna.

Dalilan masu wannan ra'ayi ba na wasa ba ne. Wasu tausayin dabbobi ne ya motsa su, ganin yadda ake cunkusa dubban kaji da aladu a gidajen kiwo inda ko juyawa ba sa iya yi. Wasu kuma lafiya ce, musamman bayan da cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2015 cewa sarrafaffen nama irin su sosis yana cikin abubuwan da ke haddasa dajin hanji. Wasu kuwa ɗumamar yanayi ce, domin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo ne ke fitar da kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke jawowa mai ɗumama duniya. Ya kamata a lura cewa waɗannan matsaloli sun fi tsanani a ƙasashen da cin nama ya wuce kima. Kason nama na mutum ɗaya a Amurka ya haura kilo 100 a shekara, alhali a Nijar da Najeriya bai kai kilo 20 ba.

Hawa da gangara

Kamfanoni biyu na jihar Kalifoniya ne suka ɗauki tutar wannan yunƙuri. Ethan Brown ya kafa Beyond Meat a 2009. Patrick Brown kuma, malami a jami'ar Stanford, wanda suna kawai suka haɗa da na farkon, ya kafa Impossible Foods a 2011. Burinsu ya sha bamban da na magabata. Sun nufi masu cin nama ne kai tsaye, da alkawarin ba su abin da ba za su iya bambantawa da naman sa ba.

Domin cika wannan alkawari, Beyond Meat ya yi amfani da furotin na wani wake ɗan Turai, ya sa ruwan beterab domin curin ya yi ja kamar akwai jini. Impossible Foods ya zurfafa fiye da haka. Masanansa sun lura cewa wani sinadari mai ɗauke da ƙarfe, wanda ke ba jini da tsoka launinsu, yana da babban kaso a ƙamshin gasasshen nama. Akwai ɗan uwan wannan sinadari a saiwar waken suya, sai suka sauya halittar wani nau'in yis domin ya riƙa samar da shi da yawa. A 2016 aka fara sayar da hambagarsu a wani gidan abinci na birnin New York, a 2019 kuma Burger King ya sa ta a dukkan rassansa na Amurka.

Shekarar 2019 ita ce ganiyar al'amarin. A watan Mayu aka fara sayar da hannun jarin Beyond Meat a kan dalar Amurka 25, kafin ƙarshen Yuli ya haura dala 230. Daga nan sai gangara. McDonald's ya gwada tasa hambagar mai suna McPlant a rassa kimanin 600 na Amurka a 2022, ya janye ta a shekarar, daga baya shugaban reshensa na Amurka ya faɗa a fili cewa gwajin bai yi nasara ba. Kamfanin JBS na Barazil, wanda ke cikin manyan masu sarrafa nama a duniya, ya rufe reshensa na naman tsirrai a Amurka a 2022. Cinikin irin wannan kaya a kantunan Amurka ya ragu a 2023, kuma ko a lokacin da ya fi tashe bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na kasuwar nama ba. A wasu kwanaki na Oktoban 2025, hannun jarin da ya taɓa haura dala 230 ya kasa kai dala ɗaya.

Mutane da yawa sun saya sau ɗaya domin gani ya kori ji. Abin da ya gagara shi ne dawo da su karo na biyu da na uku, kuma da masu dawowa ake riƙe kasuwar abinci.

Abin da harshe ya ƙi

Ƙorafi na farko shi ne gafi. Kowace mace da ta taɓa yin ƙosai ta san wannan ɗanɗano na ɗanyen wake. A cikin waken suya akwai wani sinadari da ke farkawa da zarar an fasa ƙwayar cikin ruwa. Nan take sai ya fara aiki a kan man da ke cikinta, ya haifar da wari mai kama da na ɗanyar ciyawa. Hancin ɗan Adam yana jin wannan wari ko da kaɗan ne ƙwarai. Ga kuma ɗaci da bauri da ke maƙalewa a maƙogwaro bayan an haɗiye. Kamfanoni kan rufe su da gishiri da kayan ƙamshi na masana'anta, amma sau da yawa harshe yakan gano abin da aka ɓoye.

Na biyu shi ne tauna. Tsoka zare-zare ce, jere da juna, da kitse da jijiya a tsakani, shi ya sa take tsagewa a baki tana sakin romo a hankali. Furotin na tsirrai kuwa dunƙule yake. Sai an tura shi ta cikin inji mai zafi da matsi kafin ya miƙe ya yi kama da zare, sannan a ɗaure shi da wani sinadari mai suna metilselulos, wanda ke daskarewa idan ya ji zafi, ya saki idan ya huce. Wannan ne ya sa curin da ya yi kyau a kan wuta yakan koma laɓo-laɓo a faranti. Masu ƙorafi sun kamanta wasu da roba, wasu da soso, wasu da jiƙaƙƙen kwali. An fi samun nasara a kwaikwayon niƙaƙƙen nama, domin shi dama an riga an rusa zarensa. Kwaikwayon ƙirjin rago ko cinyar kaza mai ƙashi da ɓargo kuwa ya ci gaba da ba masana wuya.

Na uku shi ne kitse. Kitsen dabba a rufe yake cikin ƙananan jakunkuna, yana narkewa sannu-sannu yana ratsa naman. Man kwakwa da aka fi sakawa a madadinsa yana narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba, sai ya tsiyaye a kasko tun da wuri, ya bar curin a bushe, ga maiƙo a dasashi.

Cukun tsirrai na cikin abubuwan da suka fi shan suka, har daga bakin masu ƙaurace wa kayan dabba su kansu. Abin da ke sa cukun madara narkewa yana jan zare shi ne wani furotin da babu irinsa a tsirrai. Yawancin na kwaikwayon haɗin man kwakwa ne da sitaci, don haka ko ya ƙi narkewa, ko ya zama wani abu mai yauƙi da ke liƙewa a haƙori. Abin gina jikin da ke cikinsa ma kaɗan ne idan aka gwada shi da cukun da makiyayanmu ke busarwa a kan tabarma.

Sai batun lafiya da aka yi ta talla da shi. Gaskiya ne cewa waɗannan kayayyaki ba su da kolestarol, kuma suna da ɗan harza da nama ba ya da ita. Amma curi ɗaya na gram 113 yakan ƙunshi sodiyam, wato sinadarin gishiri, kimanin miligiram 370, alhali ɗanyen naman sa mai wannan nauyi bai kai 100 ba. Mai hawan jini da ya ɗauka ya sami tsira zai iya faɗawa abin da ya guda. Sannan jerin abubuwan da aka haɗa yakan kai goma sha biyar ko ashirin, da sunaye da ba a sani ba a kowane madafi. Tun da masu bincike na jami'ar Sao Paulo a Barazil suka fito da rabe-raben abinci bisa yawan sarrafawa a 2009, jama'a suka fara ɗari-ɗari da duk abin da ya sha inji da yawa, kuma naman tsirrai ya faɗa wannan rukuni. A bisa wannan duka, farashinsa ya fi na naman gaske a yawancin kantuna. Wuya ne a shawo kan magidanci ya biya kuɗi mafi yawa domin abin da ya fi ƙarancin daɗi.

Rigimar suna

Akwai wani dalili da ya fi waɗannan zurfi. Idan aka miƙa wa mutum abu aka ce masa nama ne, da ma'aunin nama zai auna shi, kuma duk inda ya gaza zai ji an yaudare shi. Da an kira shi da sunansa na kansa, da wataƙila ya ci ya yaba. Hausawa sun gama magana da suka ce kama da wane ba ta wane.

A Turai wannan batu ya kai gaban alƙalai. A 2017 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa sunayen madara, man shanu da cuku na abin da aka tatso daga dabba ne, shi ya sa kwalayen madarar waken suya a Faransa ke ɗauke da kalmar abin sha kawai. A 2022 gwamnatin Faransa, bisa matsin makiyaya da mahauta, ta hana kiran kayan tsirrai da sunayen yankan nama. Babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta dakatar da dokar. Aka sake fitar da wata a 2024, ita ma aka dakatar, daga bisani aka soke su duka a farkon 2025. A Oktoban 2025 majalisar Tarayyar Turai ta kaɗa ƙuri'ar goyon bayan irin wannan hani. Kamfanoni sun dage a kan sunan nama domin shi ke jawo mai saye, amma shi ne kuma ke sa mai sayen ya ji takaici bayan loma ta farko.

Shin duk abin da babu nama a cikinsa halal ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun ƴaƴanmu da ke karatu ko aiki a ƙasashen da naman yanka ke da wuyar samu. Alamar da ke nuna babu kayan dabba tana da amfani na gaske. Alewa ko kek mai wannan alama ba ya ɗauke da jelatin, wanda a Turai aka fi samu daga fatar alade, haka kuma babu kitsen alade a ciki. Ta wannan fuska ta sauƙaƙa wa Musulmi sayayya.

Sai dai alamar ba ta ce komai ba game da giya, domin giya daga inabi ko hatsi ake yin ta. Miyar kwalba ko kayan zaƙi za su iya zama babu ɗigon kayan dabba a ciki amma an zuba musu barasa. Wajibi ne a karanta jerin abubuwan haɗi, a nemi kalmomin vin, bière, rhum ko alcool. A kuma bambanta végétarien, wanda ke iya ƙunsar ƙwai da madara, da végétalien ko végan, wanda babu su. Abu na gaba shi ne wurin dafawa. A gidajen abinci da yawa, a kan ƙarfe ɗaya ake gasa curin tsirrai da na naman da ba a yanka bisa shari'a ba. A 2019 har ƙara aka kai Burger King a Amurka kan wannan, kuma masu ƙaurace wa nama ne suka kai ta. Mai shakka ya tambayi ma'aikata, tambaya ba ta rage mutunci.

Hambagar Impossible ta sami shaidar halal daga wata hukumar Musulmin Amurka mai suna IFANCA a 2018. Amma da kamfanin ya fitar da kwaikwayon naman alade a 2021, bai sami hatimin halal ba, haka ma hukumar Yahudawa mai duba abinci ta ƙi sa masa nata, duk da cewa babu ko ƙwayar alade a ciki. Sunan da kamannin ne suka hana. Iyayen da ke renon yara a waɗancan ƙasashe su yi tunani a kan wannan, domin harshen yaro da ya saba da ɗanɗanon abin da aka haramta ba lallai ne ya tsaya a kan na kwaikwayo ba.

Game da barin nama kansa, abin da malamai suka bayyana shi ne cewa wanda ya bar shi domin lafiya, ko rashin hali, ko domin ransa ba ya so, babu laifi a kansa. Abin da ba ya halatta shi ne ɗaukar yanka a matsayin haram ko zalunci, alhali Allah ya halatta shi, ya kuma sanya layya da yankan suna cikin ayyukan lada. Ingantattun hadisai sun nuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi cin wani irin damo na sahara domin ba abincin ƙasarsu ba ne, amma bai hana sahabbai ci ba, kuma ba ya kushe abinci. Haka kuma Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa gargaɗin Sayyidina Umar game da sabon cin nama da ke kama mutum. Tsakaitawa dai ita ce hanya.

Awara da ƴan uwanta

A daidai lokacin da masu jari ke asarar miliyoyi a Kalifoniya, a Maraɗi da Damagaram da Kano da Katsina yara na layi a gaban kaskon mai awara. Abin lura shi ne cewa da waken suya ɗin nan ake yin ta, wanda Turawa ke kukan gafinsa. An kawo waken Najeriya a farkon ƙarni na 20, ya fi karɓuwa a yankin Binuwai, kuma an daɗe ana noma shi domin sayarwa waje ba domin ci ba. A shekarun 1980 cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta duƙufa wajen koya wa mata hanyoyin sarrafa shi. Matan kuwa suka ɗauki abin suka mai da shi nasu. Suka daskarar da madarar da ruwan tsamin kamu, ko tsamiya, ko lemun tsami, suka zuba attarugu da albasa, suka soya, suka barbaɗa yaji. Babu mai sayen awara yana tsammanin tsire, don haka babu mai jin an cuce shi.

Haka abin yake a sauran ƙasashen Musulmi. A Indunisiya, mutanen tsibirin Jawa sun shafe ƙarnoni suna cin tempe, wato waken suya da aka bari wata farar funfuna ta ɗinke shi ya zama dunƙule. A Masar da Sudan, da ful ake karya kumallo, ga ɗa'amiyya wadda ƴar uwar ƙosai ce. Mu kuma muna da ƙosai, alale, ɗanwake, shinkafa da wake, dambun zogale da kwaɗon ƙuli-ƙuli. Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne, na waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku. Hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare na furotin da wake ke da shi a wadace, shi ya sa haɗa gero ko shinkafa da wake ke gina jiki fiye da cin kowanne shi kaɗai.

Ɗanɗanon nan mai gamsarwa da kamfanoni ke nema a ɗakin bincike, kakanninmu sun same shi a daddawa. Idan kalwa ta ruɓa bisa ƙa'ida, furotin ɗinta yakan warware ya saki sinadarin da ke ba romo armashi, wanda wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908. Miyar kuka da ta ji daddawa ba ta rasa masu ci ko babu tsoka. Ko kilishi da tsire ma, babban rabo na daɗinsu daga tunkuzar gyaɗa, citta, kanumfari da barkono yake.

Ga uwargidan da yaranta ke gudun awara saboda gafi, maganin yana cikin zafi. Bayan an jiƙa waken an cire ɓawon, a tsoma shi a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kaɗan kafin a kai niƙa, ko a niƙa shi da ruwan zafi, domin zafi yana kashe sinadarin da ke jawo warin tun bai fara aiki ba. Kada a daɗe da shi a wuta a wannan mataki, domin madarar za ta ƙi kamawa. Kada kuma a bar ƙullin ya jima a ajiye. A tafasa madarar sosai kafin a zuba ruwan tsami, saboda ɗanyen waken suya yana ɗauke da abin da ke hana narkewar abinci. A matse da kyau, a soya da mai mai tsabta wanda bai yi baƙi ba. Wadda aka soya sama-sama aka jefa a miyar tumatir tana shan romo ta yi taushi, kuma takan wadatar da gida a ranar da babu cefanen nama.

Inda nama ba ya da madadi

Duk da wannan yabo, akwai iyaka. Bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, ba a samun sa yadda ya kamata sai a nama, kifi, ƙwai da madara. Masu ƙaurace wa kayan dabba a Turai da ƙwayar magani suke cike wannan giɓi. Rashinsa ga mai ciki ko mai shayarwa yana iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye ma jiki ba ya zuƙar sa da sauƙi kamar na nama. Matsa lemun tsami ko cin tumatir tare da shi yana taimakawa, shan shayi nan take bayan cin abinci kuwa yana ragewa.

Madarar waken suya ta gida, ko ta shinkafa, ba ta maye gurbin nonon uwa. A 2017 wata kotu a Beljiyam ta hukunta wasu iyaye bayan jaririnsu ɗan wata bakwai, wanda suka riƙa shayar da madarar tsirrai, ya rasu saboda rashin abinci mai gina jiki. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nonon uwa zalla har wata shida, sannan a ci gaba da shayarwa tare da ƙarin abinci. A ƙasashenmu, inda ƙarancin jini da tsumburewar yara suka yawaita, matsalar ita ce ƙarancin abincin dabba a kwanon yaro. Saboda haka idan ɗan nama ko ƙwai ya shigo gida, mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye su ne suka fi cancanta da shi, ko da al'ada ta saba miƙa tsoka mafi kyau ga kwanon maigida.

Ɗan da ke ƙasar waje, idan bai sami naman yanka ba, yana da kifi, ƙwai, madara, wake da tofu, wanda awara ce da ba a soya ba. Idan ya so gwada na kwalin, ya karanta abin da aka rubuta, ya tambayi inda aka gasa, kada kuma ya sa rai zai ji ɗanɗanon balangun gida. Mu kuma da ke nan, mu riƙe wake da gyaɗa da daddawa da daraja, mu daina kallon su a matsayin abincin rashi. Allah ya sa albarka a tukwanenmu, ya ciyar da mu halal mai amfani, ya ba ƴaƴanmu lafiya.